Maganar Trump da ranar da Mubi ta faɗi: wa ake kashewa, kuma a kan me?

Maman Rahila: Salama gare ku 'yan zaure. Tun ranar Juma'a, 31 ga Oktoba 2025, nake ganin ana ta turo maganar Trump cewa ana kashe Kirista a Najeriya, ya sa ƙasar a jerin masu tauye 'yancin addini, daga baya har ya yi barazanar turo soja, kowa na zagi, har wani ya rubuta a nan wai babu Kiristan da aka taɓa kashewa a Najeriya saboda addininsa. Na yi shiru na yi shiru, abin ya ƙi haɗiyuwa. Larabar da ta wuce, 29 ga Oktoba, shekara 11 ke nan cif da faɗuwar Mubi a hannun Boko Haram, kuma ban ga wanda ya tuna ba a zauren nan. Ni ina cikin garin ranar. Gudu na biyu ke nan, don ranar Lahadi 7 ga Satumba 2014 muka baro Michika da kayan sujada a jikinmu. A hanyar Bazza aka tsayar da ƙanin mijina. Sunansa kawai aka tambaye shi, ya faɗa. Wanda suke tare a kan babur aka ce ya wuce, shi kuma har yau ba mu san inda ƙasusuwansa suke ba. Ban zo neman sojan Amurka ba, Allah ya kiyaye. Abu ɗaya nake roƙo, a daina ce mana ƙarya muke yi.

Abbati: Allah ya ba ku haƙuri Mama. Amma gaskiya Musulmi aka fi kashewa. Babban masallacin Juma'a na Kano fa, 28 ga Nuwamba 2014, sama da mutum 100 suna sallah? Sheikh Albani Zariya da matarsa da ɗansa fa? Sarkin Gwoza Idrissa Timta fa? Manoman shinkafa na Zabarmari da aka yi wa yankan rago a 2020 fa? Su waɗannan Trump bai san da su ba? Man fetur da ma'adinai yake nema, ba ku yake so ba.

Maman Rahila: Ɗana, ka ga abin da nake faɗa. Ta'aziyyarka layi ɗaya ce, sai "amma", sai layi biyar. In ka je gidan makoki kana ce wa mai takaba ai makwabciyarki ma mijinta ya mutu?

Abbati: Ba haka nake nufi ba Mama. Su ne suka mayar da abin gasa, ba mu ba.

Alhaji Mai Wake: Abbati bari in sa baki, don ni ɗan Mubi ne, a Unguwar Shuwa aka yanke mini cibi. Bam ɗin da ya tashi a masallacin Madina da asubar 21 ga Nuwamba 2017, na ɗauki gawa da hannuna, mutum kusan 50 aka rasa. Don haka babu mai koya mini cewa yaran nan suna kashe Musulmi. To amma ina garin lokacin da suka shigo, sai da na kwana shida kafin na samu na sulale. Abin da idona ya gani shi zan faɗa. Mu suka ce mu buɗe shaguna, kowa ya saki jiki, an kafa daula, gari ya koma Madinatul Islam. Makwabtanmu Kirista kuwa farautarsu ake yi gida gida. Coci-coci aka bi ana cinna musu wuta. Ni tsorona kada su ɗauke mini yara maza su ba su bindiga. Makwabcina tsoronsa kada a tambaye shi sunansa. Dukkanmu muna cikin wuta, sai dai ba irin ƙuna ɗaya muka yi ba.

Abbati: To Alhaji daga baya ai ku ma sun juyo kanku.

Alhaji Mai Wake: Sun juyo mana. Wannan bai goge abin da na gani a kwana shidan nan ba.

Anti Nas: Ni bari in kawo misalin da ya tsaya mini a rai saboda aikina. Ranar 1 ga Maris 2018 aka kai hari Rann aka tafi da ma'aikatan lafiya mata uku. Saifura Khorsa da Hauwa Liman ungozomomi ne, Musulmi ne. Alice Loksha nas ce, Kirista. Saifura suka kashe ta a watan Satumba, Hauwa a Oktoba, hujjarsu wai sun yi ridda tunda suna aiki da Red Cross. Alice kuma suka ce baiwa ce, ita da Leah Sharibu. Sai a ƙarshen 2024 Alice ta kuɓuta. Ku duba da kyau: a littafinsu Musulmin da bai bi su ba murtaddi ne, jininsa ya halatta. Kirista kuma kafiri ne tun asali, namiji a kashe, mace a bautar. Kowa da shafinsa. Mai cewa ba ruwansu da addinin mutum bai karanta abin da su da kansu suke faɗa ba.

Ɗan Bayan Dutse: Anti kin gama magana. Dapchi ma ai haka ne. 19 ga Fabrairu 2018 suka kwashe yara 110. Ranar 21 ga Maris suka dawo da su da motocinsu har cikin gari, biyar sun rasu a hannunsu, ɗaya suka riƙe. Leah Sharibu, yarinya 'yar shekara 14. Me ya bambanta ta da sauran? Ajinsu ɗaya, ɗakin kwanansu ɗaya. An ce ta yi kalmar shahada ta ƙi. Abbati ka amsa mini wannan kawai.

Abbati: Wannan kam zalunci ne, ban musa ba.

Shugaban Zaure: Jama'a ina tuni: ban da zagi, ban da hoton gawa. Na goge guda biyu yanzu. Wanda ya sake turowa zan fitar da shi.

Malam Mai Allo: Assalamu alaikum. Na karanta tun daga sama. Abbati, ɗana, ina ganin tsoronka shi ne in ka amsa cewa ana kashe Kirista don addininsu, kamar ka amsa cewa Musulunci ne ya kashe su. Cire wannan a ranka. Ka san Suratul Buruj, tun kana ƙarami ka haddace ta. Su wane ne Ashabul Ukhdud suka ƙona a cikin rami? Malaman tafsiri da yawa sun ce mabiya Annabi Isa ne na Najran. Allah da kansa ya ce ba a kama su da laifin komai ba sai don sun yi imani. Bai ce "amma wasu ma an kashe su" ba. A Suratul Hajji aya ta 40, da aka lissafa wuraren ibadar da za a rusa in ba a kare su ba, an ambaci na Kirista da na Yahudu kafin a zo kan masallatai. A Bukhari kuma, wanda ya kashe wanda ke da alkawarin zaman amana da Musulmi ba zai ji ƙanshin Aljanna ba. Sahabbai da aka matsa musu a Makka ina aka tura su? Habasha, wurin sarki Kirista. Mu da muke da wannan a hannu bai kamata mu jira Trump ya tuna mana Leah ba. Kunyar a nan take.

Maman Rahila: Malam, Allah ya ƙara girma. Da irin wannan ake faɗa a lasifika da ba mu kai nan ba.

Malam Mai Allo: Ana faɗa Maman Rahila, sai dai masu faɗar da yawa suna kabari. Ita ma wannan gaskiya ce. Liman nawa aka harbe a Maiduguri a ƙofar gidansa don ya yi huɗuba a kansu? Sai dai na yarda, yanzu da tsoron ya ragu, shirun da ya rage ba na tsoro ba ne.

Ɗan Bayan Dutse: Ni ɗan Gwoza ne, ta bayan dutse. Ngoshe, Attagara, Agapalawa, Chinene, Arboko. In ka faɗi waɗannan sunaye a Abuja sai a ɗauka wata ƙasa kake nufi. A farkon Yunin 2014 suka zo Attagara da kakin soja, suka ce a taru za su ba da kariya. Aka taru. Ba sai na ƙarasa ba. Watan Agusta Shekau ya ce Gwoza ta zama daula. Soja sun karɓe garin a ƙarshen Maris 2015, ana gobe zaɓe, aka yi ta murna a talabijin. To cikin gari aka karɓa. Ƙauyukanmu fa? Mahaifiyata tana sansanin Minawao a Kamaru fiye da shekara 10. Jikokinta a can aka haife su, Faransanci suke karatu. Ni ina Abuja ina tuƙa Keke. Cocin da aka yi mini baftisma, an ce bishiya ce ta fito a tsakiyarsa. Ba kisa kaɗai ake nufi da tsanani ba. A tashe ka daga ƙasar kakanninka, a wayi gari babu mai kiran sunan Yesu a inda aka yi shekaru ana kira, shi ma sunansa ke nan.

Alhaji Mai Wake: Musulmin Gwoza ma da yawa suna Maiduguri da Yola har yanzu, ɗan'uwa.

Ɗan Bayan Dutse: Na sani Alhaji, tare muke layin karɓar abinci a Durumi. Ka ga kai ma "amma" ɗin ta kuɓuce maka.

Alhaji Mai Wake: Wallahi ta kuɓuce. Ta zame mana kamar tari.

Baba Hedimasta: 'Ya'yana, ku ba tsoho wuri. Na koyar shekara 35, rabin masu rubutu a nan na san iyayensu. Akwai abin da kuka bari a baya, kuma shi ne ya fi ba ni haushi duk lokacin da Oktoba ta zagayo.

Ku tuna halin da Adamawa take ciki a 2014. Watan Yuli majalisa ta tsige Murtala Nyako. Kakakin majalisa Ahmadu Fintiri ya zama muƙaddashi. Ana shirin zaɓen cike gurbi, ranar 8 ga Oktoba kotu ta ce a rantsar da Bala Ngilari. Gwamna uku cikin wata uku. Duk wannan lokacin Madagali ta tafi, Gulak ta tafi, Michika ta tafi, manyanmu suna Yola da Abuja suna lissafin kujera. Shi kansa Ngilari ɗan Madagali ne, ya hau mulki garinsu na hannun yaran. Dokar ta-ɓaci kuwa tun Mayun 2013 aka kafa ta a Borno da Yobe da Adamawa, an cika hanya da shingaye, an hana mu sakat, ba ta hana komai ba.

Sai ranar 17 ga Oktoba babban hafsan tsaro Alex Badeh ya fito ya ce an tsagaita wuta da Boko Haram, har ana cewa 'yan matan Chibok sun kusa dawowa. Mutane suka saki jiki, wasu da suka gudu suka koma. Kwana 12 tsakani Mubi ta faɗi. Vimtim, garin shi Badeh ɗin, ita ma ta faɗi. Hedikwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) da ke Kwarhi a ranar aka tashe ta, shugabannin ikilisiya suka koma Jos da zama. Ikilisiyar da aka fara a Garkida tun 1923, a gindin tsamiya, ta wayi gari ba ta da ofis a ƙasarta. Ranar 10 ga Nuwamba bam ya kashe ɗalibai sama da 40 a makarantar Potiskum, washegari shugaban ƙasa ya tara jama'a a Abuja ya ce zai sake takara. Daga baya muka ji labarin badaƙalar dala biliyan 2.1 na makamai.

Da mafarauta da 'yan banga aka taimaka aka karɓo Mubi, masu bindigar toka da layu. Wannan kaɗai ya ishe ku sanin inda gwamnati take a lokacin.

Abin da nake so ku gane, mai aƙidar kisa yana nan tun da daɗewa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma in bango ya tsage, wanda ya fi kusa da tsagar shi ake fara cizo. A ƙasarmu marasa rinjaye ne a bakin tsagar.

Abbati: Baba to ai ka ga gwamnatin Kirista ce a lokacin. Jonathan Kirista, Badeh Kirista, Ngilari Kirista. Ta ina ya zama Musulmi ne ke tsananta musu?

Baba Hedimasta: Wa ya ce maka Musulmi ne? Karanta abin da na rubuta da kyau, kamar yadda nake ce wa babanka. Dapchi a zamanin wa aka yi? Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, da aka sace a farkon Janairun 2020 aka fille masa kai, a zamanin wa? Kujera ba ta da addini in ana maganar sakaci. Kirista ya hau ya yi barci, Musulmi ya hau ya yi minshari.

Maman Rahila: Baba ka tuna mini Rabaran Andimi. Bidiyon nan da suka sa shi ya yi, yana zaune tutarsu a bayansa, yana cewa in bai sake ganin iyalinsa ba nufin Allah ne, kada a yi kuka, a gode wa Allah. Matan zumunta mun yi azumi muna roƙo a sako shi. Ranar da labari ya zo ban iya dafa abinci ba.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Zinder. Ina bin ku tun ɗazu. Mu nan Kirista ba su kai ko biyu cikin ɗari ba, kuma mun daɗe muna alfahari cewa irin rikicinku ba ya faruwa a Nijar. Sai ga 16 ga Janairu 2015, bayan sallar Juma'a, kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo. Aka ƙona coci-coci a Zinder, washegari Yamai ta ɗauka, a can kaɗai sama da 40, mutum 10 suka mutu a garuruwan biyu. Ku gaya mini, Bahaushen Zinder ko Bagobirin Maraɗi da ke zuwa coci, me ya haɗa shi da masu zane a Faransa? Haushin Issoufou ake ji don ya je maci a Paris, haushin Faransa ake ji, haushin talauci ake ji, sai aka sauke a kan wanda ba shi da mai tare masa. Kuma ba Boko Haram ce ta yi ba, yaran unguwa ne, na san wasunsu. A Tillaberi kuma masu iƙirarin jihadi sun kashe mutum 44 a masallacin Fambita ranar Juma'a cikin azumin 2025. Sojan da suka yi juyin mulki a 2023 da sunan tsaro suna Yamai.

'Yar Wusasa: Na gode ɗan'uwa da ka ce yaran unguwa ne, don nan ne inda ake gudun zuwa. Boko Haram kowa ya yarda a la'ance ta, ba ta da dangi a zaure. Deborah Samuel da aka kashe kan zargin ɓatanci fa? 12 ga Mayu 2022, a kwalejin ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato. Ba daga daji aka zo ba, 'yan ajinsu ne, da waya a hannu suna ɗauka. Sarkin Musulmi ya yi tir, wannan a rubuta masa. Amma mutum biyun da aka kai kotu ba da laifin kisa aka tuhume su ba. Wani babban ɗan takara ya yi Allah wadai a intanet, da aka yi masa barazanar ƙuri'a ya goge. Ni Bahaushiya ce gaba da baya, kakana a Wusasa aka haife shi, da Hausa nake addu'a, Littafi Mai Tsarki na Hausa tun 1932 yake hannunmu. Amma sau nawa ake tambayata, "ke Bahaushiya ce kuma Kirista, ta yaya?" Je ki nemi takardar filin gina coci a wasu jihohin, ki ga yadda fayil ke tsufa. Nemi malamin darasin addinin Kirista a makarantar gwamnati. Waɗannan ba su zubar da jini, shi ya sa ba mai ƙirga su.

Malam Mai Allo: 'Yata, ɓatanci ga Annabi (SAW) abu ne da babu Musulmin da zai ji daɗinsa, kuma ina roƙon a kiyaye harshe ta kowane ɓangare. Sai dai hukunci na alƙali ne. Taron jama'a da duwatsu da taya ba shari'a ba ce a kowace mazhaba. Shekara ɗaya bayan Deborah, a Sakkwaton dai, aka kashe Usman Buda, mahauci, Musulmi mai sallah, da irin wannan zargin. Wutar da ka bari ta ci gidan makwabci ba ta tambayar gidan wa ke biye.

Abbati: To na ji duka. Yanzu ni ma a ba ni dama. Agustan 2021 a hanyar Rukuba a Jos, matafiya da suka taso daga zikiri a Bauchi, sama da 20 aka kashe. Maris ɗin 2025 a Uromi, mafarauta 16 'yan Arewa aka ƙona da ransu. Yunin 2025 a Mangu, 'yan ɗaurin aure daga Zariya. Su wa suka kashe su? Na ga CAN ta kira Amurka? Mama, ke ma ki faɗa ba tare da "amma" ba.

Maman Rahila: Zan faɗa. Waɗanda aka kashe a Rukuba an kashe su ne don an ga Musulmi ne. Na Mangu haka. Na Uromi an zalunce su. Wanda ya yi, in yana zuwa coci, ya ci amanar Ubangijin da yake kira, kuma jininsu yana kansa. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Ka ga na mutu?

Abbati: A'a Mama.

Maman Rahila: To saura kai.

Anti Nas: Kafin ya amsa, ni ma ina da ƙorafi a kan namu. Wasu da ke yawo da sunanmu a ƙasashen waje suna haɗa komai a tukunya ɗaya. Abin da ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ke yi a Borno daban, don shugabansu na wancan lokacin Barnawi tun 2016 ya faɗa da bakinsa cewa coci da Kirista za su sa a gaba. Rikicin Filato da Binuwai akwai addini a ciki, akwai ƙasa, akwai kiwo, akwai ramuwar gayya ta shekaru. 'Yan bindigar Zamfara da Katsina kuwa yawancin waɗanda suke kashewa Musulmi ne, kuɗi suke nema. In ka tattara duka ka ba su suna ɗaya, ka ba mai musu ƙofar fita. Zai nuna Zamfara ya ce ka yi ƙarya, shi ke nan maganar Leah ta bi ruwa.

Ɗan Bayan Dutse: Anti, mutumin Yelwata a Binuwai da aka ƙona iyalinsa cikin dare a Yunin 2025, ki je ki ce masa nasa rikicin ƙasa ne.

Anti Nas: Ba zan ce masa komai ba sai sannu. Amma mai neman magani dole ya san sunan ciwo. Ba a ba mai taifot maganin maleriya don duka zazzaɓi ne.

Baba Hedimasta: Game da Amurka kuma, kada kowa ya yi rawar kai. Wannan jerin na masu tauye 'yancin addini da aka sa mu, an taɓa sa mu a Disambar 2020, aka cire mu a Nuwambar 2021 ana gobe-gobe sakataren harkokin wajensu zai zo Abuja. Tsakanin sawa da cirewa, Ɗan Bayan Dutse, mahaifiyarka ta koma gida?

Ɗan Bayan Dutse: Ko taku ɗaya Baba.

Baba Hedimasta: To. Ku tambayi Kiristocin Iraƙi. Kafin sojan Amurka su shiga a 2003 sun haura miliyan, yau 'yan dubu ɗari kaɗan suka rage. Gwamnati ta rushe, masu tsattsauran ra'ayi suka samu fili, a 2014 aka kore su daga Mosul ƙaf. Jirgi zai jefa bam ya koma inda ya fito. Ke Maman Rahila ke za ki kwana a Michika da sunan wadda ta kira shi.

Maman Rahila: Shi ya sa na ce tun farko ba na so. Amma Baba ka san abin da ke sa wasunmu tafa wa Trump? Shekara 11 kana kuka a gidanku ana ce maka yi shiru kowa ma kuka yake yi. Sai wani baƙo, ko da mugu ne, ya leƙo ta katanga ya ce na ji kukanka. Zuciya ba ta da wayo a irin wannan lokacin.

Alhaji Mai Wake: Akwai waɗanda suka ji tun kafin baƙo ya leƙo, a faɗi nasu su ma. Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi, Yunin 2018, ya ɓoye mutum 262 a masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ce sai dai a fara da shi. Bishop Stephen Mamza na Yola kuma ya ciyar da dubban 'yan gudun hijira a cocin Saint Theresa, da ya gina musu gidaje a Girei ya haɗa da masallaci, har wasu nasa suka yi masa surutu.

'Yar Wusasa: Allah ya saka musu. Sai dai Alhaji, duk muhawara irin wannan sai an ciro mutanen nan biyu an ɗaga kamar tuta, kowa ya ji sanyi a tashi. Da suna da yawa ai da ba mu haddace sunayensu ba.

Alhaji Mai Wake: Kin fi ni gaskiya.

Abbati: Mama na dawo, na je sallar isha ne. Ƙanin mijinki an kashe shi don shi Kirista ne. Leah an riƙe ta don ita Kirista ce. Rabaran ɗin ma haka. Allah ya isar musu. Maganar Trump dai har gobe ban yarda da shi ba.

Maman Rahila: Ban ce ka yarda da shi ba. Na gode ɗana. Ka gaida mamanka.

Ɗan Bayan Dutse: Na tura wa ƙanwata a Minawao ta karanta wa tsohuwa. Ta ce a tambayi Malam ko zai faɗi ta Ashabul Ukhdud ɗin nan a huɗuba, ba a waya kaɗai ba.

Malam Mai Allo: Ba ni ke huɗuba a masallacinmu ba, na'ibi ne ni. Zan kai wa liman. In ya ƙi, ina da karatu tsakanin magariba da isha ranar Talata, nan kam ba mai hana ni.

Shugaban Zaure: Mutum uku sun fita daga zauren tun da aka fara wannan maganar, biyu ta can ɗaya ta nan. Ina sanarwa ne kawai.

Alhaji Mai Wake: Allah ya dawo da su. Maman Rahila, tunda kin ce kin koma Michika, sabon wake ya fara shigowa? Ina so in shigo mako mai zuwa. Wace rana zan zo?

Maman Rahila: Ya fara, fari da ja. Ai ka san yadda kasuwar ta koma tun da aka dawo daga gudu, mu Asabar, su Lahadi. In nawa kake so ka zo Asabar.

Alhaji Mai Wake: Dillalina kuma sai Lahadi yake fitowa.

Maman Rahila: To ka taho da tabarmarka Alhaji, kwana za ka yi.